Zanin Tukunya

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun da ba na iya jera su daidai a kaina. Akwai wuraren da na tabbata, akwai waɗanda zato kawai nake yi, kuma ina tsoron wasu abubuwan da nake ganin da idona na gani, labarinsu aka ba ni. Sannan Hausa ba ita na sha a nono ba. A gidanmu a Shehuri Kanuri muke yi. Hausa a kasuwa da makaranta na tsince ta, kamar yawancin 'yan Yerwa, wato Maiduguri. Na ambaci wannan ne don ya shafi labarin.

Na gama karatun injiniya, na yi bautar ƙasa a kudu, na dawo na tarar garin ya cika. Kowane gida da baƙinsa, kowane kango da tabarmi. A zaurenmu ma akwai wasu dangin mahaifiyata da ban taɓa jin labarinsu ba sai da suka iso da ƙafa. In ƙara ta tashi a wani gefen gari, sai kofunan shayi su ɗan motsa a kan faranti, mahaifiyata ta duba ko kowa yana gida, a ci gaba da sha. Ban ce ba ma jin tsoro ba. Ina jin tsoron ne ya daɗe har ya koma kamar zafin garin, ba a zancensa sai baƙo ya zo.

A haka na samu aiki da wata ƙungiyar agaji. Aikin murhu ne. Na ɗan ji nauyin faɗa wa mahaifina, amma da na faɗa sai ya ce wuta ai ba abin rainawa ba ce.

Ga dalilin murhun. An haƙa rami ya zagaye gari. Daga ramin zuwa ciki gari ne, daga ramin zuwa waje daji ne da waɗanda muke ce wa yaran, don ba a son kama sunansu. Mutanen sansanonin gudun hijira ana ba su hatsi da mai, amma hatsi ba ya dafa kansa. Saboda haka da safe ake buɗe wa masu neman itace hanya, yawanci mata da tsofaffi, su fita su dawo kafin la'asar. Itatuwan kusa sun ƙare, kullum tafiyar ƙara nisa take yi, kuma ba duk wanda ya fita ke dawowa ba. Lissafin injiniyoyi mai sauƙi ne. In murhu ya rage cin itace, fita za ta ragu. In fita ta ragu, waɗanda ba sa dawowa za su ragu. Har yanzu ban ga kuskure a wannan lissafin ba.

Shugabarmu injiniya ce daga Gabashin Afirka, gajeruwa mai saurin tafiya, Madam muke ce mata. Dokar tsaron ofis ba ta barin ta daɗe a sansani, don haka mu ne idonta da kunnenta. Akwai kuma wani dattijo a wata ƙasa mai sanyi, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan yadda zafi ke bin ƙarfe. Bai taɓa zuwa Maiduguri ba. Duk mako bayan la'asar sai mu zauna gaban kwamfuta ya fito, da rigar sanyi, mu kuwa gumi na bin wuyanmu. Wani lokaci wasu injiniyoyin kan shigo daga sansanonin wasu ƙasashe. Layin yakan tsinke, fuskar dattijon ta daskare bakinsa a buɗe, mu zauna muna kallon sa har ya motsa. Baba na kwamfuta muke kiran sa, kuma ina jin ya sani.

Abokin aikina Bafulatani ne, tare muka yi jami'a ba mu saba ba. Kakansa makiyayi ne, babansa dillali a kasuwar shanu. Tun ranar farko ya ɗauko wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari bai ajiye ba.

"Bawan babana, ɗauko sikelin nan."

"Wanda kakansa ya kwana da saniya ne zai aike ni?"

"Saniyar ai ta fi ka sanin hanya. Kai sai ka auna abu sau uku sannan ka tambayi sikeli ko ya tabbata."

Wannan gaskiya ya faɗa. Haka nake.

Murhun kansa ba wani abin mamaki ba ne. Gwangwani ne na ƙarfe da aka shafe cikinsa da yumɓu, da ƙofar sa itace a ƙasa. Sirrinsa wani zoben langa-langa ne da ke zagaye tukunya, ya bar rata kamar kaurin yatsa, yadda zafin zai bi jikin tukunyar ya hau maimakon iska ta kwashe shi. In ratar ta yi faɗi, zafi ya gudu. In ta matse, wuta ta shaƙe. Injiniyoyin siket suke ce wa zoben. Ranar da abokina ya faɗi haka a gaban matan sansani suka yi ta dariya, wata ta ce tukunyarta ba 'yar boko ba ce, zani take ɗaurawa. Daga nan sunan ya zauna. Har Baba na kwamfuta ya koyi cewa zani, yana jan wasalin ƙarshe.

An yanka zanin daidai da tukunyar da ake rabawa cikin kayan agaji, don kusan kowa ita yake da ita. Aikina shi ne in bi bukkoki a wani sansani da ke can bayan unguwar Dala, in rataya damin itace a sikeli yau, in dawo in sake ratayawa, in ga nawa aka ci. Yawanci murhun yana aiki. Mata sun ce dami yana kai su ninkin kwanakin da. Wasu sun ce burabusko ya fi daɗi a kan duwatsu uku, amma suna amfani da shi.

Sai bukka ɗaya.

Wata dattijuwa ce, Mama kowa ke ce mata, ita da surukarta da jikanya ƙarama. Daga ƙauyukan gindin duwatsu na kudancin Barno suka fito. Ba ta jin Kanuri, ni ba na jin yarensu, Hausa ce kaɗai gadar da ke tsakaninmu, kuma kowannenmu da irin tasa. Murhunmu yana jingine a kusurwa, an kife kwando a kansa. Girki a kan duwatsu uku take yi, da wata ƙatuwar tukunyar dalma da za ta ciyar da gidan biki, abincin kuwa ɗan kaɗan a can ƙasa. Surukar ta gaya mini da ita Mama ta gudo a ka, ba ta ɗauki komai ba sai ita. Kuma kusan kullum Mama tana cikin masu fita.

Na je sau da yawa ina kewaye-kewaye, don ba na son ta ga kamar tuhumarta nake. Ranar da na yi tambayar kai tsaye abokina yana tsaye a bayana da sikeli. Tana durƙushe tana hura wuta. Ina jin akwai jirgi mai saukar ungulu da ke wucewa a lokacin, ko da yake kullum suna wucewa, wataƙila daga wata ranar na ɗauko shi.

Na ce, "Mama, murhun nan ai don ku huta da fita daji aka kawo shi. Me ya hana ki sa shi?"

Ba ta ɗago ba. Ta faɗi kalma ɗaya, ta yi nuni da haɓa. Haƙoranta na gaba babu, kuma bakinta yana kusa da toka. Ni dai abin da na ji shi ne, "Tukunya." Inda ta nuna kuwa tukunyar tana wajen. Na duba, na ga ai kuwa ko gindinta ba zai shiga zaninmu ba. Na ji wani sauƙi ya sauko mini, don matsala ce irin wadda aka koya mana.

Na kai maganar zaman mako. Na faɗe ta da taka-tsantsan, na ce gida ɗaya ne kawai, kada a ɗauke shi da yawa. Amma sai wani injiniya da ke aiki a wani sansani a Asiya ya ce shi ma abin da ke damun sa ke nan, mutanensa kowa da tukunyar da ya gudo da ita, kuma ba sa yarda su rabu da su. Wata daga wata ƙasar ta ce haka ne a wajensu. Baba na kwamfuta ya cire tabarau ya goge. Ya ce shekara da shekaru suna ƙera murhu suna neman tukunya ta bi shi. Ya ce a auno masa ta Mama.

Da zare muka auna ta, baki da ciki da gindi, ni na sake aunawa bayan abokina. Mama tana zaune tana kallon mu.

Ta ce, "Riga za ku ɗinka mata?"

Abokina ya ce, "Zani, Mama. Na fita unguwa."

"To ku zaɓo mai kyau. Ta girme ku."

Dattijon ya sa aka ƙera masa kwatankwacinta a can, ya riƙa gwaji a garejinsa, yana turo mana zane. Na farko zobba ne daban-daban, kowace tukunya da nata, amma ƙarfen ya yi yawa. Na biyu yana da ƙusoshi masu juyawa, injiniyan Asiya ya ce yashi da tsatsa za su kashe su kafin damina ta fita, kuma ya yi gaskiya. Madam ce ta kawo na uku. Ta ce ta tsaya tana kallon mai shara a masaukinsu tana gyara ɗaurinta, sai ta ga ai zani ba a ɗinka shi daidai ƙugun kowa, kewayawa ake yi a ɗora baki kan baki. Sai aka bar langa-langan a buɗe, baki ɗaya ya hau kan ɗaya, da ƙugiya da jerin huda. Ni abin da na ƙara kaɗan ne. Na ce a dunƙule wasu ƙusoshi daga ciki don su riƙe ratar yatsan nan ko yaya aka ja shi. Baba ya gwada ya ce ya yi.

A wata rumfar masu walda a Dala muka ƙera, ƙarƙashin darbejiya, da janareta, don wutar gari ta daɗe da tafiya. Na tuna makonnin nan fiye da yadda na tuna bikin ƙanwata da aka yi a wannan shekarar. Ina tsammanin su ne kaɗai lokacin da nake farkawa da safe in san abin da ya tashe ni. Ana tafasa ruwa, ana duba agogo, ana tura sakamako, wani a can duniya ya farka ya duba ya amsa. Abokina ya ce bai taɓa ganin tukunyar da ta tara malamai haka ba, saura a yi mata walima.

Muka kai wa Mama. Aka ɗora tukunyar, aka kewaya mata zani, ƙugiya ta faɗa hudar ƙarshe. Surukar ta hura wuta da 'yan ƙirare, ruwa ya tafasa tun ba mu gama gaisawa da maƙwabta ba. Mama ta zagaya ta duba ta kowane gefe, ta shafa ƙarfen da bayan hannu.

Ta ce, "Ya yi mata kyau. Allah ya yi muku albarka, ku da na cikin akwatin." Surukar ta ba ta labarin Baba na kwamfuta.

Na ce, "To yanzu sai hutu, Mama."

Ta ce, "Allah ya sa."

Da na dawo awo, damin bai ragu sosai ba, kamar yadda lissafi ya ce. Amma kusa da shi akwai wani sabon dami, bayansa kuma wani. Itace ya taru a bayan bukkar har suna ba maƙwabta. Mama ba ta nan. Surukar ta ce ta fita.

Washegari na yi sammako na tsaya a mashigar da ake buɗe wa masu itace. 'Yan sa-kai suna duba mutane ɗaya bayan ɗaya. Dokar ita ce ba a barin kowa ya tsallaka ramin sai mai igiya da gatari ko adda, wato wanda aka san abin da ya fitar da shi. Na hango ta a layi, igiya a kafaɗa. Na ƙarasa na gaishe ta, na rasa ta inda zan fara, sai na ce ko zanin ya lalace ne.

"Lafiyarsa ƙalau."

"To Mama, ai kin ce tukunya ce matsalar. Ga shi an gyara."

Ta dube ni sosai, irin duban da ake yi wa yaron da aka aika ya sayo gishiri ya dawo da kanwa.

"Ni na ce maka tukunya? Tukuna na ce, ɗana. Tukuna."

Layin yana matsawa, muna matsawa tare. A nan ta gaya mini, ba tare da ta sassauta murya ko ta ɗaga ta ba. Ɗanta, mijin surukar nan, ranar da suka gudu ya koma ya kwance awaki, don kada su mutu a ɗaure. Ya ce su yi gaba zai tarar da su. Ta ce waɗanda suka kuɓuto daga daji ba sa tunkarar ramin su kaɗai, musamman namiji, don wa zai shaide shi? Laɓewa suke yi a inda masu itace ke sara, su jira su ga fuskar da suka sani. In uwarsa tana wurin, sai ta ɗora masa damin a ka, ya biyo ta a baya, a bakin mashiga ta ce ɗana ne. Ta ce ta ga an yi haka da ɗan wata mata. In ta daina fita, ranar da ya zo wa zai tarar?

Ta ce, "In ya shigo, ko a kan tafin hannu kuka ce in yi girki zan yi."

Sai na lura mashigar tana kudu da bukkarta. Ranar da ta yi nuni da haɓa, tukunyar tana tsakaninta da nan.

Aka zo kanta, ɗan sa-kai ya duba igiyar, ta wuce. Na tsaya har ta tsallaka. Ban ji komai a raina ba, in faɗi gaskiya. Na lura dai takalmanta ba iri ɗaya ba ne.

Na sami abokina a rumfar walda na gaya masa. Ya daɗe yana juya wata ƙugiya a hannu.

Ya ce, "Ni fa kamar tukuna na ji a ranar."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ga ka riga ka durƙusa kana leƙen gindin tukunya. Na ce Babarbare ya fi ni kusa, wataƙila kunnena ne." Ya ajiye ƙugiyar. "Bafulatani da Babarbare sun haɗu suna fassara Hausar mutuniyar dutse. Da Bakano ya ji da ya yi kuka."

Muka yi dariya kaɗan. Daga baya kuma ya ce shi ma ba zai rantse ba. Surukar, da na tambaye ta, ta ce ai Mama ta sha yin ƙorafin cewa murhun farko bai ɗauki tukunyarta ba, don haka ko wanne ta faɗa ba ƙarya ba ne. Har yau ban san wanne ne ya fito daga bakinta ba. Harafi ɗaya ne da ɗan motsin harshe.

A zaman mako na yi bayani. Sai da na rubuta kalmomin biyu a takarda na ɗaga wa kwamfuta, na faɗi ma'anar kowace. Fuskar Baba ta tsaya cak, muka zauna muna jiran layi ya dawo, ashe layin bai tsinke ba. Da ya yi magana, tambaya ya yi, ko akwai wata hanyar da za a san ɗan ya iso ba sai ta fita ba. Injiniyan Asiya ya ce a wajensu akwai masu haɗa iyalan da suka rabu. Madam ta ce a nan ma akwai, ta kai sunansa da kamanninsa da kanta. Wata ta kawo shawarar allo a bakin rami mai ɗauke da saƙo, aka ce ba za a yarda a kafa komai a can ba, kuma ɗan ba ya karatu. Kowa ya kawo abin da yake da shi. Ba wanda ya ce aikin zanin ya tashi a banza, don bai tashi ba.

Ni aka ba aikin zuwa wajen shugaban 'yan sa-kai na mashigar. Mutum ne mai sauƙin kai, yana cin gyaɗa yana saurare na. Na ce in wani ya fito mai kama kaza, da tabo a gira, a taimaka a aika a kira uwarsa kafin komai.

Ya ce, "Injiniya, za mu yi. Amma ka dubi layin can. Kana tsammani duk itace suke nema?"

Na koma na gaya wa Mama an yi magana da masu mashiga, an kuma kai sunansa inda ake nema, ta iya zama a gida. Na tsara maganar tun a hanya, na faɗe ta yadda na tsara. Ta gode. Ta ce masu mashigar yaran kirki ne, amma ba su san tafiyarsa ba. Ita tun daga nesa, tun yana ɗigo, za ta gane shi, don yana jan ƙafar hagu kaɗan kamar ubansa. Kuma ba zai fito fili don allo ko don ɗan sa-kai ba.

Na ce, "Mama, wajen nan ba lafiya."

Ta ce, "Shi ma a wajen yake."

Na sake komawa da maganar wasu lokuta, har surukar ta roƙe ni in bari, don duk ranar da na yi ta Mama ba ta cin abinci. Na bari. Ban sani ba ko daidai na yi.

Ranar da abin ya faru ba na sansanin, muna Dala ana yanka langa-langa, don an ce a ƙera zanin da yawa. Abin da zan faɗa ji na yi. An ce kafin azahar masu itace suka dawo a guje, ba dami, wasu ba takalmi. An rufe mashigar. Da aka natsu aka duba, akwai waɗanda babu, Mama tana cikinsu. Wata ta ce ta gan ta ta yi gaba wajen wata tsamiya tun kafin a ji harbi, kamar ta hango wani. Wata ta ce a'a, tare suka juyo, ƙafa ce ta gaza ta. Wani tsoho ya ce bai gan ta a ranar ba sam. Waɗanda aka samo aka yi musu sutura ba ta cikinsu. Lokacin da aka gaya mini ina riƙe da tef ɗin awo, na ƙarasa layin da nake ja, don mai walda yana jira.

Da aka bar mu muka koma sansanin, na bi bukkoki kamar kullum, na bar tasu a ƙarshe. Surukar tana girki. Ƙatuwar tukunyar tana kan murhu, zanin ya zauna mata daidai, wuta tana ci shiru ba hayaƙi. Yarinyar tana wasa da murfin gwangwani. Itacen da Mama ta tara yana nan jibge, a irin cin da murhun ke yi zai kai su wata da watanni. Na gaisa, na rataya dami a sikeli, na duba, na sake dubawa. Ban san ko gaisuwar rashi ake yi ba ko ta jira, ba a koya mana wannan ba a gida ko a makaranta.

Na ce, "Mama fa? Akwai labari?"

Ta ce, "Tukuna."

Na ji sarai. Amma saboda halina, sai na ji bakina ya ce, "Me kika ce?"

Ta ɗago ta dube ni, ta sake faɗa a hankali, gaɓa gaɓa, yadda ake yi wa baƙo. Sannan ta buɗe tukunyar ta juya abincin da ke can ƙasa.

Zanin ya yi tafiya. An ƙera shi a wasu sansanonin jihar, daga baya Baba na kwamfuta ya turo mana hotonsa a wata ƙasa, an ɗaura wa wata baƙar tukunya mai siffar da ban taɓa gani ba. An ce ya rage fita a wurare da yawa, kuma na yarda, don na auna da hannuna a namu. Ba ni da hanyar sanin su wane ne suka rayu saboda shi, su ma ba su sani ba. A takardun injiniyoyin sunan samfurin shi ne tukunya, da Hausa, haka Madam ta sa tun farko, kuma ban nemi a canza ba. Madam ta koma ƙasarsu. Abokina yana Dala har yanzu, ya buɗe wajen ƙera murhu nasa, in na bi ta wajen yakan ce a ba bawan babansa kujera.

Da aka tashi sansanin aka mai da mutane garuruwansu ba na gari, ban ga tafiyar surukar ba, ban kuma san inda aka kai su ba. Na yi tambaya a inda nake ganin ya dace, ba a gane wadda nake nufi ba, don masu irin labarinta suna da yawa.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya zauna a wannan sansani, ko ya tsaya a wannan mashiga, ko ya yi aikin nan tare da mu a nan ko daga nesa, in ya ga inda na kauce ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Wataƙila na haɗa ranaku biyu na mai da su ɗaya, wataƙila tsamiyar ba tsamiya ba ce. Musamman in akwai wanda ya ga wata dattijuwa marar haƙoran gaba ta shigo daga baya, ita kaɗai ko da wani mai jan ƙafar hagu a bayanta, ko wanda ya san tabbacin akasin haka, ina so in sani. In kuma akwai maƙwabciyar da take kusa ranar da Mama take hura wutar nan, ta gaya mini abin da ita ta ji.